Bukkar da Ta Zama Ganuwa

Shekara 46 aka yi ana gyara doka guda a wasan Dungeons & Dragons. Abin da gyaran ya cinye darasi ne ga masu shirin rubuta wa wasannin Hausa doka.

Manomin Ajingi da ya kafa bukkar kara a bakin gonarsa ya san iyakar abin da za ta yi masa. Za ta tare masa rana da yayyafi da iskar hunturu, amma ba za ta hana ɓarawo shigowa ba, maciji ma ba ya neman izininta. Shi ya sa yake kwanciya da tocila da gora a gefensa. Ganuwa kuwa aikinta daban. Lokacin da Sarki Gijimasu ya fara zagaye Kano da ita, wajen ƙarni na 12, ba don tsoron ruwan sama ya yi ba. Bukka maganin yanayi ce, ganuwa maganin ɗan Adam.

Wannan bambanci, da yaron ƙauye ya sani tun kafin ya shiga firamare, shi ne masu tsara wani shahararren wasa a Amurka suka shafe da 'yan layuka kaɗan a shekarar 2014. Kuskure ne, ko da yake an yi shi da kyakkyawar niyya, kuma labarinsa ya cancanci a saurara ko ga wanda bai taɓa ganin wasan ba.

Wasan da ake yi da baki

Dungeons & Dragons ya fara fitowa a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, ta kamfanin TSR da ke wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin. Ba wasa ne da aka saba gani a majalisun Gaya ko Ajingi ba, amma jikokinsa suna cikin aljihun matasan garuruwan biyu. Duk wasan waya da jarumi ke da ma'aunin rai mai raguwa in an buge shi, yake kuma hawa mataki bayan mataki, daga wannan tushe ya yi gado.

Tsarinsa kamar tatsuniya ce da masu sauraro suka shiga ciki. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a kewayen tebur. Ɗaya shi ne jagoran wasa: shi ke bayyana daji da gari da maƙiya. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, mayaƙi ko ɓarawo ko masihirci, ya riƙa faɗin abin da jaruminsa zai yi. In abin yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai fitacciyarsu fuska 20 gare ta, a ga ko ya dace. Littattafan doka su ke fayyace abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

Kalmar sihiri a nan tana buƙatar bayani. Babu abin da ake karantawa, babu wanda ake kira. Laƙani a wannan wasa sakin layi ne a littafin doka, mai faɗin tsawon lokaci da faɗin wuri da abin da zai faru, kamar yadda dokar ƙwallon ƙafa ke faɗin nisan bugun fanareti. Matsayinsa ɗaya da dabarun Gizo a bakin kaka. Duk da haka wasan ya sha suka daga wasu ƙungiyoyin Kirista a Amurka a shekarun 1980, har kamfanin ya cire kalmomin shaiɗan da iblis daga bugun 1989.

Laƙanin da ake magana a kansa sunansa Leomund's Tiny Hut, wato 'yar bukkar Leomund. Leomund sunan jarumin da Len Lakofka, abokin Gygax, yake wasa da shi ne, kuma Lakofka ya daɗe yana rubuta shafi mai wannan suna a mujallar Dragon. Aikin laƙanin shi ne samar wa matafiya wurin kwana.

Bugu uku, bukka tana nan bukka

A littafin 'yan wasa na 1978 bukkar ƙarama ce ƙwarai. Faɗinta ƙafa 10, kimanin mita 3, tana ɗaukar masihircin da mutum shida. Daga waje ba a ganin na ciki, daga ciki ana ganin waje. Tana riƙe yanayin cikinta a kan digiri 21 na ma'aunin Salshiyas, muddin sanyin waje bai wuce 18 ƙasa da sifili ba, zafin kuma bai haura wajen 40 ba. Ke nan da za a kafa ta a Gaya a tsakiyar watan Afrilu, da kyar za ta riƙe. Iskar da gudunta ya wuce kilomita 80 a awa tana rusa ta. Littafin kuma ya faɗa ƙarara cewa ba ta kare kowa daga kibiya ko takobi ko wani laƙani.

Akwai ƙarin iyaka biyu da suka fi waɗannan nauyi. Ta farko, bukkar tana ɗaukar awa guda ne ga kowane mataki na masihircin. Sai ya kai mataki na biyar yake iya yin ta, don haka bukkarsa ta farko awa biyar kacal take yi. In an kafa ta bayan isha, kafin asuba ta watse. Ta biyu, a wannan mataki laƙani ɗaya tak mai daraja ta uku yake iya riƙewa a rana, kuma a wannan daraja ne ake samun dunƙulen wuta, makamin da ke ƙone rundunar maƙiya a bugu guda. Wanda ya zaɓi bukka ya haƙura da wuta. Kwanan daɗi yana da farashi, kuma ana biyansa tun da safe.

Bugu na biyu, na 1989, wanda David Cook ya jagoranta, ya faɗaɗa ta zuwa ƙafa 15, ya ƙara mutum ɗaya, ya mai da lokacinta awa huɗu da ƙarin awa guda ga kowane mataki. Yanzu ɗan mataki na biyar yana samun awa tara, dare cikakke. Sai guguwa mai ƙarfin gaske ce ke iya tumɓuke ta. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku a 2000, ya gyara shi a 2003. A wannan gyara faɗin bukkar ya kai ƙafa 40, tana ɗaukar mutum tara ban da mai ita, tana yin awa biyu ga kowane mataki, tana tare ruwa da ƙura da guguwar yashi, sai iska ta kai wajen kilomita 120 a awa take rushewa.

Shekara 25 ke nan ana ƙara mata girma da ƙwari da tsawon rai. Amma duk bugun ukun sun riƙe jumla ɗaya: makami yana ratsa ta. Maharbi ba ya ganin wanda ke ciki, amma in ya saki kibiya za ta shiga. Dole dai a raba gadi, dole wani ya hana idonsa barci.

Shekarar da aka ɗaga bango

Bugu na biyar ya fito a 2014. Wanda ya duba lambobi kawai zai ce an rage wa bukkar daraja, domin faɗinta ya koma ƙafa 20, lokacinta kuma ya tsaya a awa takwas ko da masihircin ya kai wane mataki. Amma an sauya abu uku.

Na ɗaya, duk mutum ko abin da ba ya cikin bukkar lokacin da aka kafa ta ba zai iya shiga ba. Kibiya ba ta ratsawa, mashi ba ya hudawa, laƙani komai girmansa ba ya ƙetarewa. Na ciki kuwa suna fita su dawo yadda suka so, sai mai ita kaɗai, wanda in ya fita ta watse. Na biyu, an sa ta cikin laƙanonin da ake iya yi ta doguwar hanya: in masihirci ya yarda ya ɓata minti 11, zai kafa ta ba tare da ya taɓa kasonsa na ranar ba. Zaɓi tsakanin bukka da wuta ya tashi. Na uku shi ne awa takwas ɗin kanta. A wannan bugu, hutun awa takwas yana mayar wa jarumi dukkan ƙarfin ransa da dukkan laƙanoninsa. A tsohon wasan na shekarun 1970, mai rauni maki ɗaya yake farfaɗowa da shi a kwana guda, jinya tana iya cin makonni. An ɗaga darajar dare har ya zama maganin komai, sannan aka ba da daren kyauta, cikin ɗakin da ba a shiga.

'Yan wasa ba su yi jinkirin gano abin da aka miƙa musu ba. Tun da kibiyoyin da ke cikin bukka suna iya fita, na waje kuma ba sa shiga, sai ta zama sansanin maharba. Aka shiga gardama kan ko tana da daɓe, ko maƙiyi zai iya haƙo rami ya ɓullo ta ƙasa. Wannan gardama kaɗai ta isa shaida. Ba wanda ke tambayar ko bukkar gona tana da daɓe. Ganuwa ce ake neman hanyar haƙewa ta ƙarƙashinta.

Bugun 2024 ya ja da baya taku ɗaya. Yanzu laƙanoni masu daraja ta uku zuwa ƙasa ne kawai bukkar ke tarewa, na sama da haka suna ratsawa. Abin ya yi kama da ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903: ta gagari dawaki da kibau na ƙarnoni, amma igwar Turawa ta fasa ƙofa. Sai dai yawancin abin da matafiyi ke tsoro da dare ba mai igwa ba ne. Kura ce, da ɗan fashi, da macijin da ya biyo ɗumi. Su kam har yanzu suna tsaye a waje.

Abin da aka rasa

Labarin tafiya a dare yake ɗaukar nauyi. Fataken da suka riƙa tashi daga ƙasar Kano zuwa Gwanja sayen goro sun san haka. Tafiyar watanni ce, jagaba a gaba, madugu yana riƙe da ragamar ayari, uban dawaki yana sasanta kuɗin da za a biya masu ƙasa da masu fito. Amma gwanintar madugu a zaɓen zango take bayyana: ina ruwa, ina ciyawar jakuna, sarkin wurin amintacce ne ko mai haɗa baki da 'yan fashi, a kwana a nan ko a ƙara gaba duk da gajiya. A zango ake sanin wanda ya yi gyangyaɗi a bakin gadi, da wanda ya ba maƙwabcinsa bargo. Zango ya yi nauyi a rayuwar fatake har ya bar sunansa a unguwannin Kumasi da Akra.

Tsohon wasan ya fahimci wannan. Jagoran wasa yakan jefa ƙwaya lokaci lokaci ya ga ko wani abu ya doso masauki. Saboda haka kowane kwana shawara ne: a tsaya a huta da sauran ƙarfi kaɗan, ko a kutsa gaba kafin maƙiya su farga? A hura wuta a ji ɗumi, ko a kwana cikin sanyi don kada a hango hayaƙi? Bukkar 1978 tana amsa tambaya ɗaya, ta sanyi da ruwa, ta bar sauran a hannun 'yan wasa. Bukkar 2014 ta amsa su duka, kuma wasan da aka amsa wa dukkan tambayoyinsa ya zama kallo.

Har lissafin masu tsara wasan ta ɓata. Littafin jagoran wasa na 2014 ya ƙiyasta cewa ayari zai iya jure karo shida zuwa takwas a yini kafin ƙarfinsa ya ƙare, kuma a kan wannan aka auna ƙarfin masihirci da na mayaƙi. Masihirci yana da manyan makamai masu ƙarewa, mayaƙi yana da takobi da ba ya ƙarewa. In ayari yana iya shiga bukka duk sanda ya ji jiki, masihirci zai riƙa zazzage kayansa a karon farko, mayaƙi ya koma ɗan rakiya. Garin neman gira aka taɓa ido.

Hujjar masu goyon baya

Masu son sabuwar bukkar suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Yawancin masu wasan a yau ma'aikata ne da ke haɗuwa awa uku a mako. Ba su zo don ƙirga itacen wuta da raba gadi ba, sun zo don su kai ga fadar azzalumin sarki kafin kowa ya koma gida. Sun kuma ce jagoran wasa ba ya rasa dabara: akwai laƙanin warware sihiri da ke rusa bukkar, maƙiya na iya zagaye ta su jira gari ya waye, fursunan da aka zo ceto na iya mutuwa yayin da jarumai ke barci.

Duk wannan gaskiya ne, amma hujjar farko ba ta buƙatar ganuwa. Teburin da ba ya son labarin dare yana iya tsallake shi da jumla ɗaya: jagora ya ce an kwana lafiya, gari ya waye. Ba a taɓa hana kowa haka ba tun 1974. Abin da dokar 2014 ta yi shi ne ɗaukar zaɓin wasu tebura ta ɗora wa kowa. Hujja ta biyu kuwa ita ce ke tona asirin dokar. In sai jagora ya riƙa ƙirƙiro maƙiyi na musamman kowane dare kafin dare ya yi ma'ana, to 'yan wasa za su fara jin cewa da gangan ake takura musu, zama ya koma jayayya. Doka mai kyau tana rage wa alƙalin wasa aiki. Wannan ta ƙara masa aiki, ta kuma sa shi a matsayin mugu.

Wurin sha

Wasannin Hausa sun daɗe da warware wannan matsala, ba tare da littafi ba. Yaran Gaya da ke wasan guje-guje a dandali suna da wurin sha, bango ko bishiya da in ka taɓa ka tsira. Amma ba a fara wasa a wurin sha. Gudu ake yi a kai gare shi, ana iya cafke mutum taku ɗaya kafin ya isa, kuma wanda ya lafe a can ya ƙi fitowa ba ya cikin wasa. A langa ma haka: ruwa sai ya ratsa abokan gaba da ƙafa ɗaya, 'yan ɓangarensa suna tare masa, kafin a ce ya sha. Mafaka tana nan, amma da gumi ake sayenta.

Dara ta fi kowa nuna wannan. Gidaje 30, kowa da 'ya'ya 12, mai jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Akwai shirin da gwani ke kafawa wanda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gida biyu, kowane motsi yana cika uku. In ya kafu, wasa ya kusa ƙarewa. Amma ba wanda ke kiran wannan rashin adalci, domin a idon abokin karawa aka gina shi, ɗa bayan ɗa, kuma yana da damar toshewa bai gani ba. Dattawan da suka hana jera uku tun ana zuba 'ya'ya sun fahimci abin da masu bugun 2014 suka manta: ƙarfin da aka samu kafin a fara gwagwarmaya yana kashe gwagwarmayar.

Wannan ba zancen nishaɗi kawai ba ne, domin wasannin gargajiya sun shiga zamanin rubutacciyar doka. Dambe da kokawa da langa suna fitowa a gasannin ƙasa, da alƙalai da agogo. Matasa masu ilimin kwamfuta suna ɗora wasannin allo a kan waya, kuma ranar da wani zai gina cikakken wasan labari a kan tarihin ƙasar Hausa ba ta da nisa. Kayan aikin a shirye suke. Tarihin baka ya ce maƙeran Abagayawa daga Gaya suka taso zuwa Dutsen Dala neman tama, kuma daga zamansu Kano ta tsiro. Tafiya ce da mota ke cinyewa yau cikin ɗan lokaci, amma a ƙafa, da kaya a ka, ta cikin dajin wancan zamani, 'yan kwanaki ce, kuma a kwanakin nan labarin yake. Mai tsara wasan da ya ba waɗannan maƙera ɗakin da ba a shiga ya mai da hijirarsu tafiyar motar haya.

Tarihin 'yar bukkar Leomund ya bar wa irin wannan mai tsarawa tambayoyi uku da zai yi wa kowace dokar kariya kafin ya rubuta ta. Daga me take karewa, yanayi ko mutum? Me mai amfani da ita zai rasa in ya zaɓe ta? Wace ƙofa aka bar wa abokin karawa? Bukkar 1978 tana da amsa ga duka ukun: yanayi kaɗai, a bakin dunƙulen wuta, kuma kibiya tana shiga. Ta 2014 ba ta da amsa mai gamsarwa ga ko ɗaya. Ta 2024 ta buɗe 'yar taga ga tambaya ta uku, ta bar biyun farko yadda ta same su.

Akwai kuma inda kariya ta zama wajibi, kuma kada a haɗa su. Dokar da ta hana ɗan dambe cusa wani abu mai cutarwa a cikin zaren hannunsa tana kare mutum na gaske daga rauni na gaske, kuma wasan bai rasa komai ba. Dokar da ke kare jarumin takarda daga haɗarin takarda kuwa, ba ran kowa ta ceta ba, wasan kawai ta rage. Ta farkon tana bukatar tsanani. Ta biyun tana bukatar rowa.

Gyaran da ya rage wa masu Dungeons & Dragons bai fi layi biyu ba: a bar bukkar ta ci gaba da tare ruwa da ƙura da sanyi, ta ɓoye na ciki daga idon na waje, amma a mayar da jumlar da ta rayu daga 1978 zuwa 2003, cewa makami yana ratsa ta. In ana son ganuwa, a yi mata laƙani dabam, mai tsada, wanda sai manyan masihirta. Har zuwa ranar da kamfanin zai yi haka, kowane jagoran wasa yana da ikon yin gyaran a teburinsa, domin littattafan da kansu sun amince cewa hukuncin ƙarshe nasa ne.